Tafkin kan dutse ko ƙorama: ina Bakatsine zai fara fatsar tirawut?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Nairobi ya zo hutun Sallah. Muna zaune a ƙofar gida nan Ƙofar Sauri bayan la'asar sai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hotuna biyu. Na farko tafki ne shuɗi a tsakiyar duwatsu, ba bishiya ko ɗaya, ga wani mutum riƙe da kifi mai tsawon kamu guda. Na biyu 'yar ƙorama ce wadda ɗan akuya ma zai iya tsallakewa, ruwanta garai-garai har ana ƙirga tsakuwar ƙasa.

"Kawu, abokan karatuna sun rabu biyu. In mun koma muna da hutun kwana huɗu. Wasu za su hau Dutsen Kenya zuwa tafki, wasu kuma ƙoramun duwatsun Abadeya za su. Kai da ka taɓa fatsar tirawut a can, wanne zan bi? Ni dai tafkin ya fi kwanta mini a rai, ai kamar dam ɗin Ajiwa ne."

Na ce masa, "Yaro, kama da wane ba ta wane." Kuskuren da na yi ke nan shekarun baya da aka tura ni kwas Kenya, na ga ruwa a kwance na ɗauka na san shi. Abin da na faɗa masa a yammacin nan shi ne na rubuta a nan, don yaranmu da ke karatu ko fatauci a ƙasashen duwatsu suna ƙaruwa, kuma tambayar za ta sake zuwa.

Kifin da ake magana a kai, tirawut, ba na ruwanmu ba ne, kuma ba zai taɓa zama ba. Ya fi walwala a ruwan da sanyinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 16. In ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, wajen 25 kuma mutuwa ce. Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar shaƙa, shi kuwa jikinsa na bukatar ta da yawa. Tarwadarmu da ke kwana a cikin taɓo tana haɗiyar iska daga sama, da karfasa mai son ruwan ɗumi, wata halitta ce dabam. Ka zuba tirawut a dam ɗin Zobe ko na Sabke cikin watan Afrilu, kafin azahar ya juya ciki sama. A Afirka sai a kan tsaunuka ake samunsa: Lesoto, duwatsun Afirka ta Kudu, tsaunin Bale na Habasha, Nyanga ta Zimbabuwe, da duwatsun Atlas na Maroko, inda shi can ɗan gida ne. Na Kenya baƙo ne. A 1905 wani Bature mai suna Ewart Grogan ya sa aka kawo ƙwansa daga Birtaniya aka zuba a kogin Gura da ke Abadeya, daga nan ya bazu. Iri biyu ne a can: mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige ja, wanda asalinsa Turai, da mai jan zane a gefe kamar bakan gizo, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa.

Yadda ake kama shi ma ya saɓa wa fatsar da muka tashi da ita. Mu tana muke sa wa ƙugiya, mu ɗaura 'yar dalma da totuwa, mu wurga. Nauyin dalmar ne ke jan zare. A wannan fatsa babu tana babu dalma. Ƙugiyar ake yi wa ado da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, kuma ba ta da nauyin da za a jefa. Igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a sama kamar mai wasa da bulala, ta miƙe ta ɗauki ƙwaron ƙaryar ta ajiye shi a kan ruwa a hankali. A bakin igiyar akwai siririn zaren roba wajen ƙafa 9 wanda kifi ba ya gani sosai. Duk wahalar ɗan koyo tana cikin wannan kaɗawar, kuma a nan ne tafki da ƙorama suka fara rabuwa.

A ƙorama jifan mita 5 zuwa 8 ya ishe ka. Sau da yawa ma ba jifa ba ne, miƙa sanda ne kawai ka sauke ƙwaron a bayan wani dutse. Wanda ya yi awa biyu yana gwaji zai iya wannan. A tafki kuwa, in kifi ya ja da baya daga gaɓa, sai ka iya kai mita 15 ko 20, kuma ka kai su cikin iska. Iskar kan dutse ba ta da bishiyar da za ta tare ta. Da safe ruwan yakan kwanta luf, amma da rana ta ɗaga sai ta taso, ta riƙa dawo maka da igiyar a fuska. A ranata ta farko a tafki, ƙugiya ta biyu da na jefa a kunnena ta sauka. Allah ya taimake ni an lanƙwashe mata ƙayar baya, ta fita ba tare da an tsaga ba. Tun daga ranar ba na kaɗa igiya sai da tabarau da hula mai rufe kunne.

Sai dai jifa ba shi ne babban abin da ya raba su ba. Babban abin shi ne sanin inda kifin yake.

Ƙorama tana gaya maka da kanta. Kifin da ke cikin ruwa mai gudu ba ya yawo, don yawo a cikin gudun ruwa asarar ƙarfi ce. Wuri yake samu inda ruwa ya lafa, bayan dutse, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, ko bakin gurbi inda farin kumfa ke taruwa, ya tsaya kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abinci ya zo masa. Ka gane wannan sau ɗaya, ka gane shi a kowace ƙorama ta duniya. Shi ya sa ake bin ƙorama daga ƙasa zuwa sama, ana zuwa wa kifi ta baya. Ka jefa ƙwaron gaba da shi kaɗan, ka bar ruwa ya kawo masa shi kamar ba a ɗaure yake ba. In zaren ya ja ƙwaron ya yi saurin da ya fi na kumfar da ke gefensa, ba zai taɓa ba. Kuma ka yi kuskure a wannan gurbi, taku goma gaba akwai wani. A wuni ɗaya za ka samu dama hamsin ko fiye, kowacce da darasinta.

Tafki ba ya magana. Ruwa ne shimfiɗe, ko'ina kamar ko'ina. A nan abinci ba ya zuwa wurin kifi, kifin ne ke zagaye yana nema, yau a bakin gaɓa, anjima a zurfin mita 4. Akwai wuraren da ya fi bi: inda ƙorama ke shigowa, inda ruwa ke fita, inda ƙasan tafkin ya zarce daga ɗan tudu zuwa zurfi, da gaɓar da iska ke turo ƙwari gare ta, wato daidai gaɓar da jifa ya fi wuya. Amma ko ka san duk wannan, zurfin da yake kiwo a wannan sa'ar sai ka lalubo shi. Ka jefa, ka ƙirga biyar ƙwaron na nutsewa, ka jawo a hankali. Ka sake jefawa ka ƙirga goma, sannan sha biyar. Ɗan koyo na iya yin wuni bai samu ko taɓi ɗaya ba, kuma abin takaicin, ba zai san me ya yi ba daidai ba. Ƙwaron ne, zurfin ne, ko kifin ne ba ya wajen? Ba mai gaya masa. Zaman jira da muka saba da shi a bakin dam, ka kafa sanda ka zuba wa totuwa ido, ba shi ne wannan ba. A nan hannunka ba ya hutawa, ƙafarka ma haka.

Wani abu da Bakatsine ke da shi wanda zai yi masa amfani a ƙorama shi ne sanɗa. Duk wanda ya taɓa bin kurciya da danƙo yana yaro ya riga ya iya rabin aikin. Ruwan can ba irin namu ba ne mai jan laka da ke ɓoye masunci. Kifi na ganinka mai jar koma, a can ba karin magana ba ne, zahiri ne. Inuwarka ta faɗa kan ruwa, ko ka taka gaɓa da ƙarfi, sai ka ga wani baƙin abu ya wuce fit, shi ke nan gurbin ya mutu na rabin awa. Farar shadda da jar dara a bar su a masauki. Tufafi masu launin ƙasa ko ganye, tafiya a duƙe, wani lokaci da rarrafe.

Yanzu ta ɓangaren girman kifi, gaskiya tafki ya yi gaba, ban ɓoye wa yaron ba. Kifin ƙoramar kan dutse yawanci bai wuce taƙi ɗaya ba, wanda ya kai tsawon ƙafa guda ana murna da shi. Abinci kaɗan ne kuma kullum yana fama da gudun ruwa. Na tafki ba ya wannan faman, yana iya yin kilo ɗaya, biyu, har fiye, kuma mai jan zanen nan in ya ji ƙugiya tsalle yake yi sama da ruwa yana fizgar igiya har kwarkwaron naɗinta ya riƙa ƙara. Wanda ya ji wannan sau ɗaya ba ya mantawa. Hoton da ke sa 'yan uwa su yi ta tofa albarka a WhatsApp daga tafki yake fitowa. Sai dai yawancin tafkunan nan zuba musu kifi ake yi, domin tirawut sai a tsakuwa mai ruwa na gudana yake saka ƙwai. Na ƙorama kuwa a nan aka haife shi, kakanninsa ma haka.

Inda na fi daɗewa da shi a magana shi ne jiki, don a nan ne abin ya wuce wasa. Katsina tana wajen mita 500 sama da teku. Nairobi tana kusan 1,800. Tafkin Rutundu da ke Dutsen Kenya ya haura mita 3,000, tafkin Alice da ke samansa, tafiyar kamar awa biyu a ƙafa, yana wajen 3,500, tafkin Michaelson kuwa ya doshi 4,000. A mita 3,500 iskar da kake samu a kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku ce ta wadda ake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 ciwon hawan dutse ke fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala. Ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Shawarar likitoci ita ce in an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, kuma in ciwon ya tsananta maganinsa sauka. Hutun kwana huɗu ba ya ba da wannan sararin yadda ya kamata. Ni na kwana a bakin tafki kaina kamar ana sara shi da gatari, da asuba ruwan buta ya daskare, a ƙasar da layin ikwaita ya ratsa.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa na fatsa ba sa damuwa da shi amma mu dole mu damu: sikila. Mai amosanin jini, wato SS ko SC, ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwo, bai kamata ya hau irin wannan tsayi ba sai da izinin likitansa. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa lau, an sha samun waɗanda saifarsu ta toshe a kan tsauni, musamman in an haɗa da wahalar tafiya da ƙarancin shan ruwa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, da yawa kuma ba su sani ba sai an zo gwajin aure. Na tambayi yaron irin jininsa, ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Kada dai a ɗauka kowace ƙorama a ƙasa take. Waɗanda ke saman Abadeya, a filin ciyawar da kogunan Gura da Chania da Karuru ke fitowa, su ma suna wajen mita 3,000. Bambancin shi ne mota na kai ka kusa, ba ka ɗauke da kaya a baya, kuma in jiki ya ƙi sai ka gangara. Akwai kuma ƙoramu a ƙasa-ƙasa cikin daji da gonakin shayi, irin su Mathioya da Ragati, wajen mita 2,000 da ɗoriya, inda wanda ya saba da Nairobi ba zai ji wani canji ba. Tafki ba ya ba ka wannan zaɓin, inda Allah ya ajiye shi nan za ka same shi.

Ƙorama ma tana da nata haɗarin. Duwatsun cikinta santsi gare su kamar an shafa kuɓewa, kuma mu mutanen tudu da yawanmu ba mu iya iyo ba. Dajin da take ratsawa akwai ɓauna da giwa, shi ya sa a gandun daji ba a yawo a ƙafa sai da ma'aikacin gandu. In an yi ruwa a sama tana iya cika ta yi ja cikin awa guda, fatsar ranar ta ƙare. Tafki bai cika gurɓacewa haka ba, nasa shi ne hazo da ƙanƙara da tsawar yamma, ga ka riƙe da sanda mai tsawon ƙafa 9 a fili fetal. Duka biyun an fi jin daɗinsu a ranin ƙasar, Janairu da Fabrairu, ko daga Yuli zuwa Satumba. Damina biyu suke yi, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba.

Kayan aiki ba su da wuyar bayani. Sanduna lamba gare su gwargwadon nauyin igiyar da suke ɗauka. Tafki na son mai lamba 5 ko 6, tsawon ƙafa 9, don ta yaƙi iska. Ƙorama ta fi daɗi da mai lamba 3, ƙafa 7 da rabi zuwa 8, don kada ta riƙa sarƙewa a rassa. Wanda zai sayi ɗaya tak ya sayi lamba 5, tana yin duka biyun ko da ba ta ƙware a ƙorama ba. Wanda zai je sau ɗaya kuwa ya yi haya ko aro. Akwai wata irin ta Japan da ake kira tenkara, doguwar sanda wajen mita 3 da rabi, igiya ɗaure a bakinta, babu kwarkwaro. Da na fara ganinta dariya na yi, don fatsar yaran Jibiya ce sak, illa dai ta fi tsada. A ƙorama tana aiki ƙwarai, kuma hannun da ya saba da gora zai karɓe ta nan da nan. A tafki ba ta kai ko'ina. Ƙwarin kuma kada ya saye su daga Turai. Kenya na cikin ƙasashen da suka fi ɗaura su a duniya, da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a shagunan Amurka da Ingila da tsada daga irin waɗannan hannaye suka fito. Dozin biyu sun isa: masu yawo a saman ruwa, masu nutsewa da ke kwaikwayon tsutsar ƙwaro, da 'yan manya baƙaƙe masu jela don tafki. Lambar ƙugiya a juye take, 16 ta fi 12 ƙanƙanta.

Kuɗi kuwa tafki ya fi ci nesa ba kusa ba. Kuɗin shiga gandun daji kullum ake biya, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ga lasin fatsa, ga ɗan jagora da masu ɗaukar kaya, ga tanti da jakar barci da rigunan sanyi waɗanda rigar hunturunmu ba ta kama ƙafarsu ba. Ƙorama ana iya zuwa da safe a kwana a gari. Ko sallah ta fi sauƙi. A bakin tafki alwalar asuba jarrabawa ce, sai an ɗumama ruwa, ruwan ma a wannan tsayi kafin ya kai digiri 90 ya tafasa, shayi ba ya nuna yadda muke so.

Da na zo kan cewa a wurare da yawa sakin kifin ake yi, ko a ƙayyade maka 'yan kaɗan da za ka ɗauka, kuma tana da gari duk an hana, Hajiya da ke jin mu daga zaure ta leƙo. "Wato ku hau dutse, ku sha sanyi, ku kama kifi, ku mayar da shi ruwa? To Allah ya shirya." Ban yi mata gardama ba. Amma ƙoramar da faɗinta bai fi tabarma biyu ba, masunta goma da buhu za su share ta a mako guda. In za a saki, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a matse, kada a daɗe da shi a sama. In doka ta yarda a ɗauki ɗaya, a ɗauka. Kifi ne mai ɓawo, namansa laushi, gishiri da wuta kawai yake so.

Tafki na wanda ya riga ya iya jifa ne, yana da kwana shida ko bakwai da zai hau a hankali, ya san jininsa, kuma zai iya dawowa hannu rabbana bai ji ya yi asara ba saboda abin da idonsa ya gani. In kallon dutsen ne ya fi jan mutum, fatsar ƙari ce, to ya bi 'yan tafki, ba laifi. Amma wanda bai taɓa riƙe irin wannan sanda ba, kwanansa huɗu, kuma so yake ya dawo ya iya wani abu, ƙorama zai je, ta ƙasa-ƙasa ma tukuna. Ƙananan kifi biyar da ya kama da sanin dalilin da ya sa suka ci sun fi amfani gare shi a kan babba ɗaya da sa'a ta kawo.

Na shiga ciki na ɗauko tsohuwar sandata mai gaɓa huɗu daga saman sif, na kakkaɓe mata ƙura. Na ce gobe bayan asuba, kafin iska ta taso, mu je gefen filin folo, in ɗaura masa ɗan ulu a madadin ƙugiya, in ajiye faranti a taku goma ya riƙa saukewa a ciki. In damina ta kankama shinge ya fara tashi, karfasar Ajiwa ma tana ɗaukar ƙwaro a saman ruwa, zai iya gwadawa a kanta kafin ya koma.

"To Kawu, in na iya farantin, tafkin fa?"

"Ka fara kawo mini takardar gwajin jininka. Asibiti na buɗewa ƙarfe takwas."